Hannun da Unguwa Ke Awo da Shi

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma kowa zai koma. Ranar Talata da hantsi Yaya ya koma, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ɗauke ni a kafaɗa tun ban san sunana ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Yau kwana bakwai. An yi addu'a, an raba gumba, an naɗe tabarmi, gida ya yi shiru. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun bakina yana iya faɗa.

Na ga zaman makoki da yawa a unguwarmu Soron Ɗinki, amma ban ga irin wannan ba. Masaƙa sun zo daga ƙauyuka a ƙafa. Maɗinka sun rufe rumfuna, kwana uku ba a ji ƙarar keken ɗinki a lungunmu ba. Masu zare na Ƙofar Wambai sun zo a jere, babba a gaba. Har samarin nan masu aikin kanti da ofis sun zo, sun tuɓe takalma sun zauna a ƙasa, wandunansu sun matse su, sun rasa yadda za su yi da gwiwoyinsu.

Wani tsohon masaƙi da kunnensa ya yi nauyi, sai da aka faɗa masa sau uku. Daga ƙarshe ya ji. Ya naɗe hannun rigarsa, ya daɗe yana duban hannunsa daga gwiwar hannu har kan yatsa, sannan ya sauke rigar ya ce, "To." Liman ya ce shekara arba'in yana jan sallah a unguwar nan, rigimar tufa ba ta taɓa isowa gabansa ba, domin a zauren Yaya take mutuwa. Matar Yaya kuwa ta daure, ta daure, har ranar uku, da ta zo ninke rigunansa. Ta ga kowace riga hannunta na dama ya fi na hagu cinyewa. Nan ta zauna a kan adaka ta yi kukanta.

Duk wanda ya shigo yi mini ta'aziyya, magana ɗaya ce a bakinsa. "Iya, sai haƙuri. Mutum ne da bai taɓa kuskure ba." Ina amsawa, ina cewa Allah Ya ba da lada. Amma ya taɓa. Su ma sun sani, kara ce irin ta makoki. Ni kuwa ba zan yi masa wannan karar ba, domin da yana nan ba zai karɓa ba, kuma ni ce na ƙara wa kuskuren nauyi.

Ku da kuka buɗe ido kuka ga yadi, sai na gaya muku abin da ake kira kamu. Daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa, shi ne kamu ɗaya. Da shi ake auna fari da saƙi tun kakanninmu. Allah kuwa bai yi hannaye daidai ba. Mai saye ya zo da dogon ɗan'uwansa, mai sayarwa ya kirawo gajeren maƙwabcinsa, a yini ana musu, tufa tana shan rana.

Yaya maɗinki ne, mai aikin zare a wuyan riga. Ba dogo ba ne, ba gajere ba. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya ɗaura masa rawani. Sannu a hankali dai mutane suka ga in ya auna, kowa yana tashi da sanyin zuciya. Sai ya zama in musu ya yi tsawo wani ya ce, "Mu je zauren Malam." Tun ana zuwa daga lungunmu, har aka koma zuwa daga bayan ganuwa.

In za shi awo, sai ya yi alwala. Ya naɗe hannun dama har kafaɗa, ya yi bisimilla, ya ce wa masu rigimar su koma bayansa su tsaya, kada ya ga fuskar kowa. Yana ƙirgawa a fili, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai jan carbi. Ranar awo ba ya karɓar ko ɓarin goro. Ba ya ɗaukar kaya da hannun nan, ba ya sara da shi, ko jikokinsa da hagu yake ɗaga su. Na taɓa yi masa tsiya na ce, "Yaya, wannan hannu ko amarya." Ya ce, "Ba nawa ba ne, Auta. Ajiya aka ba ni." Auta yake ce mini har na yi jikoki, har haƙorana suka zube.

Wata rana wani masaƙi ya zo daga ƙauye, yunwa ta rame shi, an kai ƙararsa wai farinsa bai cika ba. Yaya ya auna, bai cika ba ɗin. Ya faɗa a fili, bai rage ba, bai sassauta ba. Mutumin ya sunkuyar da kai. Da jama'a suka watse, Yaya ya riƙe shi, ya sa aka kawo tuwo, ya zauna suka ci tare. Ya tambaye shi abin da ya faru, ya ce auduga ce ba ta yi ba bana. Yaya ya shiga ciki ya kwaso zaren da ya tanada don aikinsa ya zuba masa a jaka. Matarsa ta ce, "Malam, ka kayar da mutum kuma ka ɗaga shi?" Ya ce, "Hannun ne ya kayar da shi. Ni ban yi faɗa da shi ba."

To, maganar Turancin. Ni ban san Turanci ba, ko harafin boko ɗaya ban sani ba. Yaya ma haka, allo ya yi, ya sauke. Amma kalma biyu sun shigo gidanmu ta bakin ɗana, wanda ya yi makarantar boko ya kama aiki a wani kantin tufafi a waje. Yakan biyo ta zauren kawunsa da la'asar ya gaishe shi. Wata rana yana ba da labarin yadda suke auna akoko da alawayyo da sandar yadi, sai ya ce, "Ai Kawu, shi yadi kwaman sitanda ne."

Yaya ya ajiye allura. "Me ka ce?"

"Kwaman sitanda."

"Mene ne shi?"

"Wato, abin da ya yi kyau, Kawu. Abin da ya cika."

"Ka sani ne, ko kana tsammani?"

Ɗana ya sosa ƙeya. Yaya ya ce, "Malamin kanti, koma ka tambayi wanda ya fi ka. Kada ka kawo mini maganar mutane da ƙafa ɗaya."

Sai da ya yi mako yana tambaya. Ya tambayi babban akawunsu, ya tambayi tsohon malaminsa na makaranta. Ya dawo ya durƙusa ya ce, "Kawu, na kuskure. Ba kyau ake nufi ba. Ma'auni ne ko ƙa'ida da jama'a suka taru suka yarda da ita, kowa ya bi, mai saye da mai sayarwa."

"Har mai kantin?"

"Har shi."

"Har Baturen da ya kawo ta?"

"Haka aka ce."

"Haka aka ce," in ji Yaya. "To ita maganar ta yi kyau, ko da masu ita ba su cika ta ba."

Ya sa ɗana ya maimaita masa har bakinsa ya kama. Daga nan ya adana ta. Ina jin ya fi shekara bai furta ta ba. Ya ce maganar wasu mutane ba a wasa da ita, domin in ka ɓata ta ba ka da hanyar gyarawa, ba a gidanku aka haife ta ba.

Amma ita maganar ba ta zauna ba. Samari suka ɗauka, ta bi lungu-lungu. Suka yanke mata kai, suka bar sitanda. Riga ta yi kyau, sitanda. Fura ta yi daɗi, sitanda. Budurwa ta wuce, sitanda. Yaya in ya ji, tambaya biyu yake yi, ba ya ɗaga murya. "Su wa suka taru suka yarda? Kai ma ta hau kanka?" Daga nan sai ya ce, "To ka ce ya yi kyau. Hausa ba ta ƙare ba."

A kan haka suka ɓata da amininsa mai goro, wanda suka yi makarantar allo tare. Mai goro yana zaune a zauren yana yabon hajarsa, ya ce, "Wannan goro sitanda ne, ko a Gwanja."

Yaya ya ce, "Su wa suka yarda?"

"Ni da bakina."

"Bakin da saura haƙori huɗu?"

"Huɗun nan sun fi naka sanin goro. Tsoho da kai, ka zauna kana gadin Turanci kamar gadon ubanka. Ko Baturen ya ba ka hula?"

"Bai ba ni ba. Amma in na ari tabarmar mutum, ba na yanka ta in yi faifai."

Mai goro ya tattara huhunsa ya fita. Kwana tara bai leƙo ba. Ran na goma ya dawo, ya ajiye goro ɗaya fari a gaban Yaya ya ce, "Ga shi. Ya yi kyau kawai." Yaya ya ce, "Yanzu ka yi magana." Suka fasa suka ci.

Wuri ɗaya kaɗai ya bari aka faɗa. Maɗinka suka fara cewa hannun Malam shi ne kwaman sitanda na Soron Ɗinki. Da maganar ta iso kunnensa, sai ya auna ta da tambayoyinsa. Jama'a sun yarda? Sun yarda. Ta hau kansa? Ta hau, domin da hannun nan yake sayen nasa farin. Sai ya ƙyale. Ina kuma jin, Allah Ya gafarta masa, ya ji daɗinta. Mutum ne.

Abin da bai lura ba, tsufa ya shigo masa ta yatsu. Sanyin ƙashi ya kama su, dogon yatsan ya fara lanƙwasa kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, har ya daina miƙewa sosai. Gaɓa ɗaya ce ta tafi. Gaɓa ɗaya ba komai ba ce a ido. Amma a kamu ashirin, gaɓa ashirin ke nan, kamu guda cur. Tufar da ba ta cika ba sai ta cika a hannunsa.

Masaƙa sun gani, suka yi shiru, domin su abin ya yi wa daɗi. Maɗinka sun gani, suka yi shiru, domin kunya. Wa zai dubi idon Malam ya ce hannunka ya gaza? Sai mutum ya karɓi farinsa ya yi godiya, ya koma rumfa ya nemo ƙyalle ya cike a ɓoye, ta cikin hammata inda ba a gani. Unguwa guda ta haɗa baki ba tare da an yi shawara ba. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Ni kaɗi nake yi tun rasuwar maigidana. In kaɗa zare, in ba masaƙi, ya saƙa mini fari, dillaliya ta kai kasuwa. Wata shekara, gab da damina, masaƙina ya aiko mini da naɗi ya ce a gaya mini zaren bai kai ba, kamu goma sha tara ne. Dillaliya ta zo ta ɗauka, ta ɗaga ta ce, "Ashirin ko, Iya?" Ban ce i ba. Ban kuma ce a'a ba. Na ce, "Allah Ya ba da kasuwa."

Wani maɗinki daga Gwammaja ya saya. Baƙo ne a wajenmu, magidanci mai in'ina, bai san shirun da muke yi ba. Ya yanka riga a zuciyarsa, ya auna da hannunsa, ya ga ba za ta fita ba. Ya naɗo farin bai sa masa almakashi ba, ya biyo dillaliya har zauren Yaya. Da aka ce kayan Auta ne, zaure ya cika. Kowa yana so ya ga abin da Malam zai yi da ƙanwarsa.

Ina tsaye a bayan ƙofar cikin gida, ina jin komai. Yaya ya ce, "Ku shaida, in bai cika ba, a gabanku zan faɗa, ko da na uwata ne." Ya yi bisimilla. Ina jin ƙirgen yana tafiya. Sha bakwai. Sha takwas. Sha tara. Sai na ji, "Ashirin."

Maɗinkin ya ce, "Ba-Baba, a sake."

Zaure ya yi guna-guni. Ba a taɓa cewa Yaya ya sake ba. Ya sake, ashirin. Ya ƙara na uku don kansa, ashirin.

Wani ya ce, "Kai baƙo, hannunka ne ya yi tsawo, ka rage shi." Aka yi dariya. Wani ya ce, "Ka zo da rigima har gidan kwaman sitanda?" Mutumin yana so ya yi magana, in'ina ta riƙe masa harshe. Ya naɗe farinsa ya fita. Masu dariyar nan, rabinsu sun san gaskiyarsa.

Damina guda na yi da abin nan a cikina. Labari yana zuwa mini ta bakin dillaliya. Wai sunan da aka sa wa maɗinkin a Ƙofar Wambai shi ne Sha Tara. Wai masu ba shi ɗinki sun janye, sun ce wanda ya ƙaryata Malam zai iya cin tufar mutane. Ina ji, ina kaɗi, zaren yana tsinkewa a hannuna.

Abin da ya karya ni ba wannan ba ne. Ranar wata Alhamis na kai wa Yaya kunun tsamiya, sai ya ce, "Auta, ban taɓa gaya miki ba. Ranar nan da aka kawo kayanki, tun da nake awo ban ji tsoro irin na ranar ba. Da na ji ashirin ta fito daga bakina, sai da na gode wa Allah da Ya rufa mana asiri." Yana faɗa yana murmushi. Na dawo ɗaki na rasa inda zan zauna.

Washegari da hantsi na buɗe adakata na ciro zanen mahaifiyarmu. Saƙi ne, Yaya ne ya saya mata da guminsa na farko, shi ya auna da hannunsa, kamu huɗu daidai. Tun rasuwarta yake wurina. Na same shi shi kaɗai a zaure, na durƙusa na shimfiɗa a gabansa.

"Na Inna ne," ya ce. Ya shafa shi.

"Kamu nawa ne, Yaya?"

"Huɗu mana. Ni na auna."

"Auna mini yau."

Ya dube ni. Ya naɗe hannu, ya yi bisimilla. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai ga saura a hannunsa na hagu, kusan tafin hannu guda, yana reto. Ya sake. Sauran yana nan. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga hannun dama ya yi ƙoƙarin miƙe yatsan. Yatsa ya ƙi.

Ya ce, "Zane ba ya girma a cikin adaka."

Na ce, "Ba ya girma." Na gaya masa sauran, na masaƙi da na dillaliya, ban rage ba. Na jira ya yi faɗa. Bai yi ba, da ma ya yi.

"Su wa suka sani?"

"Kowa, Yaya."

"Tun yaushe?"

"An yi shekara huɗu, ko biyar."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Kina da fari a ɗaki? Yanko kamu ɗaya. Da hannun ɗanki, ba da nawa ba. Ki sa mayafinki."

A ƙafa muka tafi Gwammaja, ya ƙi jaki. An yi ruwa da asuba, lunguna duk taɓo, yana gaba da sandarsa ina biye. Muka yi ta tafiya har muka ga dutsen Dala a gabanmu. Muka sami maɗinkin a ƙofar gidansa, kekensa a rufe da tsumma. Yaya ya tuɓe takalma. Mutumin da malamai ke tashi tsaye in ya shigo, ya durƙusa a gaban sa'an ɗansa, a kan titi, mutane suna wucewa.

Ya ce, "Sha tara ne. Kai ne mai gaskiya. Hannuna ne ya gaza, ga kuma mai kayan, ta san bai cika ba. Mun zo ka yafe mana."

Maɗinkin ya rikice, yana ta kama kafaɗarsa. "Ba-Baba, tashi, don Allah tashi."

"Sai ka faɗa."

"Na yafe. Duniya da lahira."

Na miƙa masa ƙyallen, fuskata a rufe. Yaya ya ce, "Wannan na tsakaninmu ne. A gaban mutane aka yi maka dariya. Ka zo zaurena yau bayan an sauko daga masallaci."

Aka aika wa masaƙan da ke kusa, da maɗinka, da masu zare. Ni dai ina bayan ƙofata. Yaya ya zaunar da baƙon a damansa. Ya ɗaga hannun nan tsirara kowa ya gani, ya faɗi abin da ya faru.

Sannan ya ce, "Kun ce hannuna kwaman sitanda ne. Na hana ku faɗa a kan goro, na hana ku a kan fura, da aka zo kaina na yi shiru. Ba shi ba ne. Abin da jama'a za su dogara da shi, dole ya zama ƙarami zai iya cewa a sake, ba tare da ya ji kunya ba. Ku kun ji kunyata, kunyar ta ci haƙƙin mutane shekara biyar. Ban ga laifinku ba kamar yadda na ga nawa. Daga yau na daina awo."

Aka yi ta ba shi baki. Wani ya ce ai sai a riƙa ƙara gaɓa ɗaya a kan kowane kamu. Yaya ya ce, "Baɗi kuma a ƙara biyu?" Ɗana ya ce zai kawo sandar yadi daga kanti. Masaƙa suka ce su ba su san yadi ba, ba da shi suka koyi saƙa ba. Yaya ya ce, "Sun yi gaskiya. Yadi na waɗanda suka yarda da shi ne. Mu ba mu taru a kansa ba tukuna."

Daga ƙarshe ga abin da aka yi. Gida uku suka kawo tsofaffin tufafin da ya auna tun hannunsa yana lafiya, aka haɗa da zanen Inna. Aka ninka, aka gwada, aka fitar da kamu ɗaya a kan sandar kara. Yaya ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, "Ka yarda? Ta hau kanka?" Har baƙon Gwammaja sai da aka tambaya. Aka kai wa maƙeri ya buga ta da ƙarfe, don kada gara ta ci. Suka ce a ajiye a zaurensa. Ya ƙi. Ya ce in tana wurinsa, ana nan dai ana zuwa wurin Malam. A kai masallaci, a rataye inda kowa zai ɗauka ba sai ya gaida kowa ba. Da aka rataye ta ya dube ta ya ce, "To, wannan ita ce kwaman sitanda." Ban ƙara jin kalmar a bakinsa ba.

Zaure ya yi sanyi. Ba a wata ɗaya ba, amma ya yi. Mai rigima ba ya buƙatar tsoho, masallaci zai nufa ya auna ya tafi. Ido kuma ya hana shi ɗinki. Sai ka wuce ka gan shi a kan buzunsa, daga shi sai mai goro, wani lokaci shi kaɗai, hannun rigarsa a sauke har wuyan hannu. Shekara uku ya yi haka. Kullum na gan shi sai in ce ni na kwashe masa mutane.

Wata guda kafin ya kwanta ciwon ajali, na kasa daurewa. Na ɗauki sabon naɗin fari na kai masa. Na ce, "Yaya, auna mini. Ba na sayarwa ba ne, ba kuma kowa a nan. Ni da kai ne."

Ya karɓa ya ɗora a cinya. Na ga hannun hagu ya tafi wajen hannun rigar dama, kamar yadda ya saba shekara arba'in. Ya kama bakin rigar. Ya tsaya. Sannan ya sake ta.

Ya bi farin da tafin hannu, a hankali, tun daga baki. Ya ce, "Kaɗinki ya yi kyau, Auta. Nan wajen ya ɗan yi kauri, kina gyangyaɗi ko?" Ya naɗe shi da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Masallaci ba nisa," ya ce. "In kin dawo ki gaya mini ko nawa ne."

Na aika aka auna. Na dawo na ce ashirin ne. Ya ce, "Alhamdu lillahi," kamar wanda aka yi wa albishir.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo. Ranar da za a ɗora ayyuka a ma'auninKa, Ka cika masa da rahamarKa inda ya gaza. Ka yalwata masa kabari, Ka haɗa shi da Inna da Baba. Mu da muka yi shiru, Ka yafe mana. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.